Zauren Mai Faifai: Waƙar da Aka Sauya wa Riga

A fitowar da ta gabata na yi wata magana a gurguje, na ce wanda ya ji waƙar barkwanci a katun bai san uwar da ta haife ta ba, wato ainihin waƙar da aka kwaikwaya, rabin dariyar ta wuce shi. Layi biyu ne kacal, amma su suka fi jawo wasiƙu, na zaɓo biyar daga ciki. Ga sababbin masu karatu, shekara 19 na yi ina sayar da kaset a bakin Tsohuwar Kasuwa a nan Gombe, yanzu kuma ina da ɗan sutudiyo a Jekadafari inda muke haɗa tallan rediyo. Yawancin abin da zan faɗa da kunne na tara shi, sai ɗan karatun da na ƙara daga baya.

Tambaya: Baba Mai Faifai, ina aji uku a Jami'ar Jihar Gombe, Turanci nake karanta. Ina kallon The Simpsons a waya, ina kuma jin duk abin da suke faɗa. Amma da sun fara waƙa sai in ji an tafi an bar ni. Kalmomin ina gane su, abin dariyar ne ba na gani. Me ya ɓace mini? — Wani ɗalibi, Tudun Wada.

Amsa: Ɗana, Turancinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ɓace maka waƙa ce ta biyu, wadda ba a rera ta a fim ɗin ba, amma tana kwance a kunnen waɗanda aka yi fim ɗin dominsu. A watan Disamba na 1989 The Simpsons ya fara fitowa a matsayin cikakken shiri a tashar Fox ta Amurka, Matt Groening ne ya ƙirƙiro shi, kuma tun daga farko marubutansa sun ɗauka mai kallo ya tashi da waƙoƙin da su ma suka tashi da su. Kai kuwa da wasu waƙoƙin aka rene ka.

Ga misali. A wani kashi na 1995, attajirin garin, Mista Burns, tsohon nan mai tashar nukiliya da ba ya tausayin kowa, ya sace 'yan kwikwiyo 25 don ya yi kwat da fatarsu. Bart da Lisa, yaran gidan Simpson, suna leƙe ta taga, sai ga shi yana rawa yana waƙa yana baje kayan sawarsa, wannan riga ta fatar dabba kaza ce, wancan takalmi na fatar dabba kaza ne. Kai iyakar abin da ka ji ke nan, mugu yana lissafa tufafinsa. Shi kuwa Ba'amurke da tashin kiɗan ya gane shi, domin an ɗinka waƙar ne a kan wata ta cikin fim ɗin Disney na 1991, Beauty and the Beast, inda mazaunin kyandir da butar shayi da farantai suke rawa suna yi wa baƙuwa lale marhabin da abinci. Waƙar karamci ce, iyaye suna kunna wa 'ya'yansu ita. Sai aka kwashi wannan fara'a gaba ɗayanta aka damƙa wa mai shirin feɗe karnuka. Kunne yana jin maraba da baƙo, ido yana ganin mugunta. Marubutan kuma sun san abin da suka ƙulla, don da waƙar ta ƙare, Bart ɗin da ya zo ceton karnukan sai ga shi yana bin karin da hanci, sai da ƙanwarsa ta yi masa tsawa.

Mu wannan sana'a mun san ta tun kafin talabijin. Ina ɗan shekara 12 kawuna ya tafi da ni kasuwar Kumo sayen akuya, a nan na fara ganin ɗan kama. Babbar riga ce a jikinsa duk faci, ya naɗa rawani da wani tsohon zane, ga 'yar ganga a hammata. Ya tsaya kusa da masu tuwo-tuwo, ya gyara murya, ya ɗauko kiɗa irin na fada, mai nauyi, wanda in ka ji shi ka san sunan babban mutum ne zai biyo baya. Har dillalai suka rage murya. Ya ja, ya ja, sannan ya kira sunan: Tuwo ɗan Dawa jikan Gero, mai fada a cikin akushi, wanda ya ja da kai ya kwana yana juyi. Ya yi wa miyar kuka kirarin uwar soro, ya naɗa man shanu waziri. Wata mai nono dariya ta ci ƙarfinta, sai da ta sauke ƙwarya ta dafa ƙasa. Kawuna, mutumin da ba a cika ganin haƙoransa a waje ba, ya sa hannu a aljihu ya ba shi sule.

To a gefenmu akwai wani direban babbar mota, baƙo daga kudu, yana jin Hausa sarai, da ita yake ciniki. Shi murmushi kawai ya yi don ya ga ana yi. Ya ji tuwo, ya ji miya, amma bai taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar Sallah ya ji yadda ake kiran sunan sarki da wannan kiɗa ba. Matsayinka ke nan a gaban The Simpsons, kuma babu abin kunya a ciki.

Kashin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka nuna a watan Janairu na 1993, rubutun Conan O'Brien. An ci Mista Burns tarar dala miliyan 3 saboda zubar da dattin nukiliya, mutanen gari suka hallara a zauren taro don su yanke abin da za a yi da kuɗin. Marge, uwargidan Simpson, ta miƙe ta ce a gyara babban titin gari da ya cika da ramuka. Har an kusa amincewa, sai ga wani baƙo mai zaƙin baki da malafa a ka, ya ce abin da ya dace da su jirgin ƙasa ne mai gudu a kan dogo ɗaya. Maimakon lissafi sai ya ɗauko waƙa. Kowa ya yi tambaya ya amsa masa da baiti, ya ba jama'a amshi na kalma ɗaya tak, kafin ka ce kwabo duk zauren ya ɗauka, an manta da titi. Uwar wannan waƙa tana cikin wani wasan dandamali na 1957, The Music Man, inda wani ɗan damfara ya ruɗa mutanen wani ƙaramin gari da irin wannan waƙa mai sauri don ya sayar musu da kayan badujala na yara. Shi ya sa Ba'amurke tun baƙon bai gama baitin farko ba ya san ɗan damfara ne, kiɗan ya riga ya tona masa asiri. Kai sai ka jira labari ya gaya maka.

Amma wannan kashi ko ba ka san uwar ba sai ya taɓa ka, tunda ka ga lokacin kamfen da idonka. Ni a sutudiyo nake wuni, na san yadda amshi mai daɗi yake rufe bakin mai tambayar ina rijiyar da aka yi alkawari. Duk sanda na kalle shi ina dariya, amma da nauyi a ƙirjina.

In ka ji sun fara waƙa, tsayar da fim ɗin, ka nemi sunan kashin a intanet, za ka ga waƙar da aka kwaikwaya. Saurare ta sau biyu, ka bari ta zauna maka, sannan ka koma. Kuma tunda Turanci kake karanta, ka gwada gaya wa malaminka kana son ka yi kundin kammala digirinka a kan 'yan kama da waɗannan katun, ka jera su kafaɗa da kafaɗa.

Tambaya: Baba, tagwayena shekararsu 6, ba su da aiki sai Tom da Jerry. Akwai wanda kyanwar take buga fiyano ɓeran yana ciki, sun riƙe kiɗan, suna bin shi da baki suna buga mini faranti. Wane irin kiɗa ne, kuma ba komai? Sannan rannan ɗan yayata ya kunna musu wani katun a wayarsa, ana cikin waƙa na ji kalmar da ta sa na ƙwace wayar. Ashe katun ma akwai na manya? — Maman 'yan biyu, Pantami.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana tagwaye. Tambayarki ta biyu ta fi gaggawa, da ita zan fara. Akwai na manya, kuma kin yi daidai da kika ƙwace wayar. South Park da ya fara a 1997 da Family Guy da ya fara a 1999 duk don manya aka yi su, akwai batsa da zagi da izgili ga addinai a cikinsu. Waƙoƙinsu ne suka fi ba ni tsoro, domin sau da yawa karin da suke ɗauka irin na fina-finan yara ne. Yaro in ya ji kari mai daɗi kama shi yake yi, kalmomi su biyo baya ko bai san ma'anarsu ba, rana ɗaya ki ji shi yana rerawa a gaban surukai. Ko The Simpsons da na yaba a sama ban yarda ɗan shekara 6 ya zauna a gabansa ba. Ki riƙe waɗannan sunaye uku, ki kuma yi wa ɗan yayarki magana da bakinki cikin lalama, mai yiwuwa bai yi da mugun nufi ba.

Na fiyanon kuwa sunansa The Cat Concerto, a 1947 ya fito, aikin William Hanna da Joseph Barbera, har ya ci kyautar Oscar. Don sinima aka fara yin Tom da Jerry, daga baya talabijin ya gaje su. Tom ya saka baƙar kwat ya zauna zai yi wa jama'a kiɗa, bai san Jerry yana barci a kan 'yan gudumomin da ke bugun tsirkiyar fiyanon ba, yana danna maɓalli ana cilla ɓeran sama. Kiɗan ya girmi katun ɗin da kimanin shekara 100. Franz Liszt, mutumin ƙasar Hangari da ya rasu a 1886, shi ya tsara shi, kuma a wurin Turawa kiɗa ne na manyan zauruka inda ake zama tsit, ko tari ba a so. Wannan girman aka ɗauko aka haɗa da kokawar kyanwa da ɓera, kuma duk kokawar a kan bugun kiɗan take tafiya, har inda Tom ya kife don gajiya, Jerry ya fito ya karɓi tafi.

Babu kalma ko ɗaya a ciki, ki kwantar da hankalinki ta wannan fuska. Roƙona ɗaya ne. Yaran da suka iya riƙe wannan kiɗa mai wuya Allah ya ba su kunne. Ki riƙa rera musu na gida ma, waƙoƙin reno da na tatsuniya da kika ji a bakin kakarki, kada kunnen ya cika da na wasu kaɗai.

Tambaya: Malam, ni ban ga abin yabo a nan ba. Mutum ya sha wahala ya tsara waƙarsa, wani ya zo ya ɗauke karin ya cusa shirme. In ba sata ba ce, ai cin mutunci ne. — Wani malamin makaranta, Dukku.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, akwai gaskiya a maganarka, kuma ba kowace juya waƙa zan kare ba. Sai dai ɗaukar kari a sauya kalmomi hanya ce mai zuwa da komowa, wani lokaci sama take yi da waƙar. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makahon malamin nan da ya rasu a 1990, a kan karin kiɗan caji ya ɗora Imfiraji, kiɗan da a lokacin na 'yan duniya ne. Ya ɗauki abin da kunnen mutane ya riga ya so ya zuba wa'azi a ciki, ga shi har yau ana rera ta. A Kano kuma masu bandiri, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, sun ɗauki karin waƙoƙin fina-finan Indiya sun mayar da su begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Lokacin ina shagon kaset na ga wani mai keke ya ja birki a ƙofar shagon, ya ce ai wannan karin a sinima ya san shi. Ya sauke ƙafa ɗaya ya saurari kalmomin har ƙarshe, sannan ya sayi kaset ɗin. Ta ɗaya ɓangaren kuma, marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a watan Disamba na 2014, ya sha ɗaukar kiɗan da ake yayi, har da na Awilo Longomba na Kongo, ya mayar da shi abin dariya, kuma kowa ya san inda ya ɗauko.

A nan suka rabu da sata, Malam. Ɓarawon waƙa fatansa kada a gane inda ya samo. Mai kamanci kuwa in ba a gane ba aikinsa ya lalace, dole ya bar fuskar uwar a buɗe, sau da yawa ma shi yake tura mutane su je su nemo ta.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne maganar iyaka. Karatun Alƙur'ani da kiran salla da yabon Ma'aiki ba a wasa da su, kuma sutudiyona ba ya karɓar irin wannan aiki ko nawa za a biya. Haka waƙar da aka juya don a tozarta mutum da naƙasarsa ko asalinsa. Katun ɗin Amurka na manya sun sha tsallake waɗannan iyakoki, a nan ba mu da abin koyo a wurinsu.

Tambaya: Da gaske ne Michael Jackson ya taɓa fitowa a The Simpsons? Musu ya kaure a majalisarmu. — Mai gyaran waya, Bajoga.

Amsa: Da gaske ne, a 1991. Shi ya yi muryar wani ƙaton Bature da ke asibitin masu taɓin hankali, wanda yake cewa shi ne Michael Jackson, amma a jerin sunayen ƙarshe John Jay Smith aka rubuta. Maganar tasa ce, waƙar kuwa wani mawaƙi mai suna Kipp Lennon ne ya rera yana kwaikwayon muryarsa. Saboda haka wanda ya ce ba shi ya yi waƙar ba shi ma yana da gaskiya. A 2019 masu shirin suka janye wannan kashi, shi ya sa yake wuyar samu.

Tambaya: Baba, ni da abokaina biyu muna haɗa katun na Hausa da kwamfuta, minti biyar-biyar, muna so mu saka a YouTube. Labarin wani gida ne a Bauchi. A kashi na farko tsohon firjin gidan ne yake yi wa wutar lantarki waƙar yabo, kamar maroƙin da ubangidansa ya daina leƙo shi. Muna so mu ɗora a kan karin wata waƙar Shata. Ga layi biyu: "Wuta sarauniya, mai zuwa ba sallama / Kin tafi kuma kin bar ƙanƙara tana hawaye." Doka ta yarda? Kuma ya ka ga waƙar? — Wani matashi, Wunti, Bauchi.

Amsa: Ɗana, sau uku na karanta wasiƙarka, firjin nan ya shiga raina. Kun gane abin da masu juya waƙa da yawa ba su gane ba, wato sabuwar ma'ana sai ta yi magana da tsohuwar. Waƙar yabo a kan mai bayarwa da mai jira aka gina ta, kuma a gidajenmu babu wanda ya kai firji jira.

Maganar doka tukuna. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar wa mai waƙa da magadansa haƙƙinta har shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a watan Yuni na 1999, ka ga waƙoƙinsa suna da masu su, kuma da sauran lokaci mai tsawo. Gaskiya ne dokar ta saka kwaikwayon barkwanci cikin abubuwan da ta yi wa rangwame, amma da sharaɗin adalci: ana duba yawan abin da ka ɗiba, da ko don kuɗi ka yi, da ko ka taɓa kasuwar mai ita. Alƙali ne yake auna wannan bayan an kai ƙara, ba a ba ka shi a rubuce ka sa a aljihu. A Amurka ma sai da aka dangana da Kotun Ƙoli a 1994, a shari'ar mawaƙan 2 Live Crew da suka juya wata waƙar Roy Orbison ta 1964, kafin aka tabbatar cewa kamanci yana iya halatta ko da sayar da shi ake yi. Kotun kuma ta bambanta wanda yake yi wa waƙar kanta sharhi da wanda ya ari karinta kawai don ya yi magana a kan wani abu daban, ta nuna hujjar na biyun ta fi rauni. Firjinku ya fi kusa da na biyun. Sannan kada ku kuskura ku yanko sautin kaset ɗin kansa. YouTube yana da manhajar da ke gane sautin da aka yi wa rajista, sai ku wayi gari an toshe bidiyon ko kuɗin tallan ya koma wurin wani.

Ni wutar nan ta taɓa ƙona ni. Shekarun baya wani mai shagon atamfa ya ba ni aikin talla, na ɗora a kan karin wani mawaƙi da ke raye ban tambaye shi ba, ina ganin ai kowa ma haka yake yi. An yi kwana huɗu ana sakawa a rediyo, sai ga ɗan amshinsa a ƙofar sutudiyo. Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna muka gaisa, ya ce maigida yana gaishe ni, ya kuma ce a tambaye ni ko wani ne ya gaya mini waƙar marainiya ce. Washegari na sayi goro, na roƙi wani dattijo ya raka ni, na ba da haƙuri, na biya abin da ya yanka, na janye tallan. Abin da ya fi kuɗin yi mini ciwo shi ne da ya ce da na zo tun farko kyauta zai ba ni, har ya ara mini makaɗinsa.

Saboda haka hanya biyu ce a gabanku. Ko ku nemi magada ku karɓi izini a rubuce, ko kuma, wadda na fi so muku, ku bar takamaiman karin ku ɗauki salon. Kalangu da 'yan amshi, jan sunan ubangida, lissafa alheran da ya taɓa yi da garuruwan da aka gan shi, wannan gadon makaɗan Hausa ne gaba ɗaya, kuma duk Bahaushen da ya ji zai san inda kuka dosa. Alf Clausen, wanda ya yi wa The Simpsons kiɗa daga 1990 zuwa 2017, sau da yawa haka ya riƙa yi, ya tsara sabon kiɗa mai kama da tsohon har kunne ya gane dangantakar. Kuma da makaɗa 35 ya riƙa ɗaukar kiɗan shirin barkwanci. Ku ba ku buƙatar 35, amma kada ku yarda da kalangun kwamfuta. Kalangu kiɗan mahauta ne, ku je wurin mahautan kasuwar Muda Lawal ku tambaya, za su nuna muku makaɗinsu, ku biya shi haƙƙinsa. Wanda zai yi muryar firjin kuma ya rera da gaske, kamar wanda abin ya dama. Ɗan kaman Kumo da na ba da labarinsa a sama ko sau ɗaya bai yi murmushi ba.

Sai layukan naku. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, wata doguwa wata gajera, kuma kari ba ya yafe kuskure. In ya ja gaɓar farko ta garin da mutane suke zaune, ya mayar maka da shi garin tuwo. Ku riƙa rera kowane layi da ƙarfi kafin ku yarda da shi, a takarda komai daidai yake. Layin farko kada ku taɓa shi, mai zuwa ba sallama ya zauna daram. Na biyu ya yi tsawo, numfashi zai ƙare kafin a kai ƙarshensa. Ku cire "kuma", ba ta ɗauke da komai. Sannan sallama da hawaye ba su amsa wa juna ba. Hawayen ƙanƙara suna da kyau, ku matso da su tsakiyar layi, ku rufe da kalma mai ƙarewa da "ma". Nama yana nan yana jiranku, shi ne babbar asarar firji in wuta ta yi nisan kiwo.

Ku gyara, ku rera da makaɗi a gabanku, ku aiko mini da sautin ta hannun edita tun ba ku fara zana bakin firjin ba. A katun murya ake fara ɗauka, sannan a zana leɓe ya bi ta.